Yadda na'urar CT ke ganin cikin kai ba tare da tiyata ba

Makiyaya da fatake, in sa ya tunkuyi mutum a ka, ko ya faɗo daga babur a hanyar Salaga, likita kan tura shi Tamale ɗaukar hoton CT. To, yaya take gano jinin da ya taru ciki?

Ɗan kasuwa, in an jera buhuna, aka ba ka jimillar nauyin kowane layi, a tsaye, a kwance, a karkace, ai za ka fitar da nauyin kowane buhu. Haka na'urar ke zagaya kai, tana auna hasken eksire da ya ratsa kowane layi, kwamfuta ta warware. Lissafin Johann Radon ne tun 1917.

Don haka in an kwantar da kai, kar ka motsa. Buhu ya gusa, lissafi ya rikice.