Kafin a Zuba Kuɗi a Tsohuwar Kyamarar Fim

Kyamarorin da masu hoto suka jibge a kwali tun shigowar dijital, yau su matasa ke bi suna cigiya. Yayin fim ya dawo a Turai da Amurka da Japan, har aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17 a 2024. 'Yan gwanjo kuwa sun farga, sun tsuga wa tsofaffin kuɗi, kuma sabon shiga shi ne ya fi shiga hannu.

Wadda aka fi nema ita ce SLR, wato mai madubi a ciki, wadda mai ɗauka ke leƙawa ta ainihin idon da zai ɗauki hoton, kuma ana iya kwance idon a ɗaura wani. A cikinsu biyu ne suka yi suna, dukkansu 'yan 1976: Pentax K1000 da Canon AE-1. K1000 an ƙera ta ne don mai ƙaramin ƙarfi, ba ta da wani ƙyale-ƙyale, makarantun koyon hoto suka rungume ta, aka yi ta ƙera ta har 1997, aka sayar da sama da miliyan 3. Abin da ke da yawa haka bai kamata ya yi tsada ba, amma yau rabin kuɗinta na suna ne. 'Yar'uwarta Pentax KM ta fi ta kayan aiki, Ricoh KR-5 kuma tana karɓar idanu iri ɗaya da ita, sai dai dillali bai cika jin ana tambayarsu ba, don haka sau da yawa sun fi sauƙi.

AE-1 kuma tata matsalar daban ce. Lantarki ke tafiyar da ita, idan babu batirinta mai ƙarfin bolt 6 ko motsi ba za ta yi ba, alhali K1000 ma'aunin haskenta kaɗai ke cin batir. Idan an danna AE-1 aka ji wani ƙara kamar tari, man da ke injin madubinta ne ya bushe. Ana gyarawa, amma kuɗin gyaran ya kamata ya fita daga farashi tun wurin ciniki.

Zancen batir ba ƙarami ba ne. Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 kyamarori ne masu nagarta, amma an yi ma'auninsu don batirin zaiba mai bolt 1.35, wanda aka daina yi saboda gubarsa. Idan aka sa na yanzu mai 1.5, allurar za ta motsa, mai sayarwa ya ce "ga shi tana aiki", nan kuwa lissafinta ya kauce. Wasu kan yi dabara da batirin na'urar ƙara ji ta kunne, wasu su auna haske da manhajar waya. Minolta X-700 ta 1981 kuwa an san ta da mutuwar wani ɗan ƙaramin kayan lantarki a cikinta, sai ta ƙame ta ƙi dannuwa.

Sai ido. Kowane kamfani da irin bakinsa, kuma ko a gida ɗaya ana samun saɓani. Canon ya sauya baki a 1987, saboda haka idon FD na AE-1 ba ya hawa kyamarar EOS mai sabon bakin. Idanun Nikon da aka yi kafin 1977 na iya lalata wasu kyamarorin da suka zo daga baya, irin su FM2, idan aka tursasa su. Mafi arha su ne masu baki na murɗawa, M42, da ke hawa Pentax Spotmatic da Praktica ta Jamus ta Gabas da Zenit ta Tarayyar Sobiyet. Ga mai koyo, ido mai milimita 50, f/1.8 ko f/2, ya wadatar. Shi aka riƙa haɗa kyamarorin da shi tun daga masana'anta, yana da yawa a kasuwa, hotonsa tas. Dogayen tsofaffin idanu masu zuƙowa da ake cusa wa mai saye a matsayin gyara, galibinsu nauyi ne kawai.

Duba kaya ba ya cin minti goma. A buɗe bayan kyamarar, a kwance idon, a fuskanci haske, a ɗana a danna a kowane saurin ɗauka: na daƙiƙa ɗaya ya ɗauki daƙiƙa ɗaya, na 1/1000 ya zama walƙiya. Labulen da ke wucewa kada ya kasance da huda ko yamutsewa. A shafa sosan da ke gefen murfi da tsinke. Idan ya zama baƙin danƙo, haske zai kutsa ya ƙona hotuna da jan zane, amma wannan gyara ne mai sauƙi. Wurin batir idan ya yi kore ko farin gari, wataƙila cin ya bi waya ya shiga ciki. Sannan a haska tocilan waya ta bayan idon a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne funfuna, wadda ke shimfiɗuwa kamar saƙar gizo-gizo tana cin gilashi, da hazo, da maiƙo a kan 'yan faifan da ke tsuke ƙofar haske.

Akwai kuma wata garaɓasa da masu son ado ke rainawa: kyamarorin roba na shekarun 1990, kamar Canon EOS 500 da EOS 300. Ba su da kyan ratayawa a wuya, amma sun fi ƙuruciya, ma'auninsu daidai yake, fim ɗin kuma ɗaya ne.

Babban kuɗin ma ba a kyamarar yake ba. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, kowane sai an saya, an wanke, an buga ko an juya shi zuwa kwamfuta. A garuruwanmu yawancin shagunan wankin hoto sun daɗe da jingine injin fim, don haka mai niyya ya fara gano inda zai sami Kodak Gold ko Ilford HP5, da wanda zai wanke masa. Fim ɗin da ya shekara a shago mai zafi launinsa kan juya, shi ya sa ake ajiye shi a firji. Idan aka ci karo da tsohon Kodachrome, kada a saya: wurin ƙarshe da ke wanke shi da launi, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓarsa tun ƙarshen 2010.

Ajiya ma sai da lura. Laimar damina ce ke haifar da funfuna a idon da aka kulle cikin jakar fata, ƙurar hunturu kuma tana karce gilashi idan aka goge shi da gefen riga. Mai saye a hannu ya nemi sharaɗin dawo da kaya bayan ya gwada fim ɗaya, ya ɗauki wasu hotuna a rana wasu a inuwa, ya ga wankin da idonsa kafin ya cika kuɗi.