Kunnuwan Soja a Tsibiran Tafkin Chadi

A watan Janairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa Baga, suka ƙwace hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin Tafkin Chadi da ke garin. Wannan hari ya nuna wa hafsoshin yankin cewa tsohon salon leƙen asiri ya kai maƙurarsa.

A da, aikin jami'in leƙen asirin soja ƙidaya ne: tankoki nawa abokin gaba ke da su, ina barikinsa, wane ne kwamandansa. A Tafkin Chadi kuwa abokin gaba ba shi da bariki. Zai kai hari a yankin Difa da asuba, kafin la'asar kwalekwale ya tsallaka da shi tsibirin da ke ɓangaren Chadi. Sojan Nijar ya ga wucewarsa, na Chadi bai ji labari ba sai aikin gama ya gama.

Bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, shugabannin yankin suka amince a taron Paris su riƙa musayar bayanai, aka buɗe cibiyar tattara su a Abuja. A 2015 aka farfaɗo da rundunar, hedkwata ta koma Njamena, da sassa a Mora, Baga Sola, Baga da Difa.

Jiragen leƙe marasa matuƙi da na'urorin sauraron waya sun taimaka, sai dai hoton sama ba ya bambanta masunci da mayaƙi. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, rayuka da dama suka salwanta. Shi ya sa labarin ɗan gari ya fi komai daraja. 'Yan Kato da Gora, da suka taso a Maiduguri a 2013, sun san fuskokin yaran unguwarsu. Masunta sun san hanyoyin ruwa, sun kuma san inda ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ke karɓar harajin kifi. Dubban da suka miƙa wuya bayan mutuwar shugaban Boko Haram, Shekau, a Mayun 2021 sun zo da sunaye da wuraren ɓuya. Amma duk mai kai rahoto ya sa wuyansa ne a bakin wuƙa, kuma kare shi wajibi ne da ake yawan sakaci da shi.

Siyasa ma tana taɓa aikin. Sojojin Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024, sannan a Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar, alhali yankin Difa na nan a bakin tafkin.