Tsintsiyar icce: abu biyu a ƙarƙashin suna ɗaya

1. Gabatarwa

A cikin aikin tattara kalmomin gandun daji, mun ci karo da kalmar Faransanci balai de sorcière, wadda ma'anarta kai tsaye ita ce «tsintsiyar mayya». Jamusawa ma haka suke cewa: Hexenbesen. Kafin mu ba ta suna da Hausa, wajibi ne mu san abin da take nufi, domin sunan ya haɗa abubuwa biyu da ba su da asali ɗaya.

2. Abin da ake gani

A dazuzzukan Turai da Amurka ta Arewa akwai itatuwa masu ganye kamar allura, irin su Pinus, Picea da Abies. Wani lokaci akan hango a jikin reshe ɗaya wani dunƙule na ƙananan rassa, cunkushe kamar sheƙar tsuntsu, alhali sauran iccen yana girma yadda ya saba. Wannan dunƙulen ne ake kira tsintsiya.

3. Rarrabewa

Kashi na farko cuta ce. A jikin Abies, wata funfuna mai kama da tsatsa, Melampsorella caryophyllacearum, ita ke haddasa shi: ganyen tsintsiyar yakan yi rawaya, ya zube kowace shekara. A Amurka ta Arewa kuma akwai Arceuthobium, tsiro mai rayuwa a jikin icce yana shan ruwansa, kamar yadda kauci yake yi a wurinmu.

Kashi na biyu ba cuta ba ne. Canji ne da ke faruwa a ƙwayoyin gado na toho ɗaya, sai duk rassan da suka fito daga gare shi su zama gajeru. Ganyensu kore ne, lafiyayye, ba ya zubewa kamar na mai cuta, kuma dunƙulen yana iya yin shekaru da dama. Wannan kashin kaɗai masu lambu suke nema, domin daga gare shi ake samun wadannin itatuwa na ado. Misali, Picea abies 'Little Gem' ya samo asali ne daga wata tsintsiya da aka gano a Boskoop, ƙasar Holan.

4. Yaɗawa

Hanya ta farko ita ce aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. A ƙarshen hunturu, kafin itatuwa su fara toho, ana yanko ɗan reshe daga tsintsiyar, a fere gindinsa, a manna shi a gefen wani ƙaramin dashe mai shekara 2 ko 3, na jinsi ɗaya ko makusanci, a ɗaure. In ya kama, sai a riƙa rage kan dashen sannu a hankali har sabon reshen ya gaje shi. Daga nan a sa ido shekaru da yawa, domin wani yakan koma girma irin na uwarsa.

Hanya ta biyu ita ce shuka iri, idan tsintsiyar ta yi ƴaƴa. A 1967, Alfred Fordham na lambun Arnold da ke Boston ya bayyana cewa wajen rabin tsiron da ke fitowa daga irin wannan iri wadanni ne, sauran kuwa na yau da kullum. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa abin gado ne. Sidney Waxman na Jami'ar Konetikat ya bi wannan hanya shekaru masu yawa, har da harbo ƴaƴan da bindiga idan reshen ya yi nisa.

5. Shawararmu

Ba mu goyi bayan «tsintsiyar mayya» ba. A tatsuniyoyin Turai, mayya tana hawan tsintsiya ta tashi sama. Ga Bahaushe kuwa maye kurwa yake kamawa, babu ruwansa da tsintsiya, kuma kiran mutum da wannan suna zargi ne mai nauyi da kan raba zumunta. Bai kamata ƙamus na kimiyya ya jingina ciwon icce ga maita ba. «Kauci» ma bai dace ba, tun da shi tsiro ne baƙo, alhali tsintsiyar rassan iccen ne da kansa.

Saboda haka muna ba da shawarar «tsintsiyar icce» a matsayin suna na gaba ɗaya, sa'an nan a raba ta biyu: «tsintsiyar cuta», wadda ba a yaɗawa, da «tsintsiyar gado», wadda ake ɗauka a aurar. Muna jiran gyara daga abokan aikinmu na sashen aikin gona.