Ciwon Damuwa Yana Da Magani: Kira Ga Mutanen Tarai Da Kewaye

A Tarai da sauran garuruwan Kibiya da Rano, da wuya ka ji mutum ya ce yana fama da ciwon damuwa. Abin da za ka ji shi ne "gabana yana yawan faɗuwa", ko "kaina ya yi mini nauyi", ko "barci ya ƙaurace mini". Sai a yi ta sayen maganin zazzaɓi da na taifot a kemis, a sha jiƙo, a yi turare, wata ya mutu wani ya kama, mutum yana nan jiya i yau. Daga nan sai zargi ya shigo: sammu ne, aljanu ne, raunin imani ne. Alhali sau da yawa cuta ce sananniya a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 5 cikin kowane 100 na manya suna da ciwon damuwa, kuma ya fi yawa ga mata.

Iri uku ne suka fi addabar manya. Na farko baƙin ciki mai nauyi da ya kai mako 2 ko fiye, har gona da kasuwa da hirar majalisa su fita daga ran mutum, ya daina cin abinci, ya riƙa ganin ba shi da amfani. Masu jego ma yana kama su, sai a ɗauka ƙyuya ce. Na biyu fargaba marar yankewa, mai zuwa da bugun zuciya, gumi da numfashi sama-sama. Na uku firgicin da ke biyo bayan mummunan abu, kamar hatsarin mota, gobara, harin ɓarayi ko fyaɗe: abin ya riƙa dawo wa mutum a mafarki da ido biyu, yana zabura da ɗan motsi, yana gudun duk abin da zai tuna masa, har fiye da wata guda.

Dukkan ukun ana magance su ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna. Wani zai ce ai muna da iyaye da malamai masu ba da haƙuri. Haƙuri da nasiha suna da matsayinsu, amma wannan aiki ne mai tsari: akan zauna sau ɗaya a mako, na tsawon makonni ko 'yan watanni, a ba mutum aikin da zai yi a gida, a kuma riƙa auna ko yana samun sauƙi. Mafi shahara a ciki shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda likitoci ke kira CBT. Wani likita a Amurka, Aaron Beck, shi ya tsara shi a shekarun 1960, kuma an gwada shi sau ɗaruruwa ta hanyar kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba.

A ce manomi ne damina ta juya masa baya, ga bashin taki a wuyansa, kullum zuciyarsa tana ce masa ya kashe iyalinsa. Ƙwararren ba zai ce masa ya daina tunani ba. Zai tambaye shi: mece ce hujjar wannan magana? Shekara nawa ka yi kana ciyar da gidan nan? Da ƙaninka ne abin ya samu, haka za ka ce masa? Sannan su ɗauki bashin su rarraba shi, a ga wanda za a fara tunkara. Sai a tsara masa ƙananan ayyuka: gobe ya leƙa gona da safe, jibi ya je gaida ɗan'uwa, ya koma sallar jam'i. Dalili kuwa, damuwa tana sa mutum ya ƙunshe kansa a ɗaki, ƙunshewar kuma tana ƙara mata ƙarfi. Wanda hatsari ya sa yake tsoron mota kuwa, ana koya masa daidaita numfashi, a fara da tsayuwa a tasha, sai zama a motar da ke tsaye, sai 'yar gajeriyar tafiya zuwa Kibiya, har jikinsa ya saba.

Kada a ɗauka wannan abin Turawa ne kawai. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro, ya kuma ba da shawarar a riƙa tunkarar mugun tunani da kyakkyawa. Haka kuma ba sai mai kuɗi ba. A karkarar Pakistan an horar da mata ma'aikatan lafiya suna bin masu ciki da masu jego gida, binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna damuwarsu ta ragu ƙwarai. A Zimbabwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da marasa lafiya a kan benci a harabar asibiti, sakamakon binciken 2016 ya tabbatar da amfanin tsarin. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin PM+, mai zama 5 kacal, wanda ma'aikacin da ba likita ba zai iya koya.

Akwai hanyoyin da ya kamata a guje wa. Ƙwayar barci irin su diazepam, ko tramadol, ko maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, suna kwantar da hankali na dare ɗaya su bar mutum da jaraba. Ɗaure marar lafiya da mari ba magani ba ne. Kowa ya tuna mutane sama da 300 da 'yan sanda suka kuɓutar daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah. Duk wanda ya yi alƙawarin warkarwa a kwana ɗaya, ko ya hana zuwa asibiti, ko yake duka, ko yake tona asirin masu zuwa wurinsa, a yi nesa da shi. Addu'a da neman magani kuwa ba sa karo da juna, a haɗa su.

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa ko Babban Asibitin Rano, a duba hawan jini, suga da ƙarancin jini, domin su ma suna kawo kasala da bugun zuciya. A faɗa wa ma'aikaci abin da ke zuciya, ba ciwon kai kaɗai ba, sannan a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Idan ciwon ya yi tsanani likita yakan haɗa da ƙwaya. Tana ɗaukar makonni kafin ta fara aiki, kuma ba a yanke ta sai da saninsa.

Abu ɗaya ba ya jira: idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne, kada a yi masa faɗa. A kawar da maganin feshi da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Limamai, masu unguwanni da ungozomomi su ne ake fara kai wa kuka a garuruwanmu. Idan suka san waɗannan alamomi suka nuna hanyar asibiti, da yardar Allah za a ceci rayuka da gidaje masu yawa.