Daga Shara Zuwa Darasi: Yaranmu da Kwaɗin Damina

 Gaisuwa ta musamman gare ku matan Ƙaraye da Rogo, domin zancenmu na yau a ƙofar gidanku yake. Kwaɗo za mu tattauna a kansa. To, kar wata ta tashi neman ƙuli-ƙuli, ba kwaɗon zogale nake nufi ba, ba kuma na kulle ƙofa ba. Wannan dai mai tsalle, wanda ke hana mu barci da kuka idan ruwa ya sauka.

Na san za ki ce, ni da ba na fita, ina ruwana da kwaɗin fadama? Uwargida, wa kike ba shara ya kai juji? Wa ke kai miki talla, ya dawo ta bakin kududdufi da dutse a hannu? Yaronki shi ne ƙafarki a waje. Abin da kika zuba masa a tsakar gida, shi zai je ya zubar a gari.

Mu fara da sanin amfanin halittar. Abincin kwaɗo ƙwari ne: fara, tsutsa, gina, ƙudaje, har da sauro idan ya samu. Da dare yake farautarsa, a gindin randa da cikin shuka, ba ya neman lada. Ƙasarmu kuwa ta noma ce, ga fadamu, ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙaramar hukumar Ƙaraye, inda mazajenmu ke noman rani da kamun kifi. Duk ƙwaron da kwaɗo ya haɗiye, an rage wa tumatirin maigida abokin gaba. Ƙasar Indiya ta ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru tana kama kwaɗi tana sayar wa Turawa cinyoyinsu, har a 1987 gwamnati ta hana fitar da su, kuma cikin dalilan akwai kukan cewa ƙwari suna ƙaruwa a gonakin shinkafa.

Abu na biyu, kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar akuya. Ta fatarsa yake tsotsa. Shi ya sa idan aka wanke tankin maganin feshi a rafi, ko aka jefa robar maganin ciyawa a kududdufi, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. Hausawa na cewa kukan kurciya jawabi ne. To, shirun kwaɗo ma jawabi ne, domin ruwan da ya gagari kwaɗo, shi dabbobinmu ke sha.

A 2023 masana suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan nau'o'in kwaɗi da danginsu sama da 8,000 a duniya, suka tarar kashi 41 cikin 100 suna fuskantar barazanar ƙarewa. A maƙwabciyarmu Kamaru akwai kwaɗon da ya fi kowanne girma a duniya, nauyinsa kan kai kilo 3, shi ma farauta da sare daji sun sa shi a wannan layi. Irin waɗanda muka saba gani a nan ba su kai ga haka ba, alhamdu lillahi. Amma ana kama burduddugi da yawa a Arewa, a busar, a kai kasuwannin Kudu. Rigakafi kuwa ya fi magani. Ga shi kuma addininmu bai bar zancen ba: Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana kashe shi.

To, yaya za ki sa wannan a kan yaro ɗan shekara 6? Wa'azi ba zai zauna masa ba, amma wasa zai zauna. Nan ne shara za ta yi mana rana. Mai da tsohon abu sabo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun yi aci-balbal da gwangwanin madara, 'yan uwanmu maza sun yi motar kara da ta langa-langa. Abin da ya canja kawai shi ne sharar yau leda ce da roba, waɗanda ba sa ruɓewa, suna toshe kwata, suna tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa a ciki.

Ki sa yara su tara miki murafen robar lemo, da gorar ruwa guda 2, da kwali, da ledar ruwa, da ƙyallayen da suka rage wajen ɗinki. A wanke komai da sabulu, a shanya. Sai ku yi rayuwar kwaɗo hawa uku.

Na farko ƙwai. Ki ba su zare su yi ta ƙulla ƙananan baƙaƙen ƙyallaye a jere kamar carbi, domin haka kwaɗon gida ke zuba ƙwansa a cikin ruwa, dogon zare mai yauƙi. Na biyu talibambam. Murfi ɗaya shi ne kai, a yanko siririyar leda a maƙala masa wutsiya. A nan za ki gaya musu cewa baƙaƙen abubuwan nan da suke kwasowa a gwangwani su bari a rana su mutu, 'ya'yan kwaɗo ne. Yara da yawa ba su sani ba, wallahi har manya ma. Na uku kwaɗon kansa. Ki yanke gindin gora biyu, ki kifa ɗaya a kan ɗaya, ki ɗinke gefe guda ta yadda zai riƙa buɗewa kamar baki. Murafe biyu su ne idanu, kwali ƙafafu, jan ƙyalle harshe. Sai a dunƙule 'yan takardu a matsayin ƙwari, a yi gasar wanda zai fi jefa su cikin bakin. Ga wasa, ga ƙidaya, ga darasi.

Wataƙila wata ta ji nauyin yin siffar abu mai rai. Malamai da dama sun yi sauƙi a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Idan duk da haka maigida bai so ba, kar a yi jayayya. Ku zana kududdufi biyu a kwali, ɗaya mai tsabta, ɗaya a lilliƙa masa leda, ki tambayi yaro wanne zai zaɓa in shi ne kwaɗo.

Sai a kiyaye abu huɗu. Robar maganin feshi ko ta fiya-fiya ba ta shiga wasan yara, ko an wanke ta sau goma. Yanka da reza ko almakashi aikinki ne, ba nasu ba. A nisanta murafe daga masu rarrafe, kar su kai baki su shaƙe. Kuma kar ki aiki yaro bakin dam ko kududdufi wai ya je kallon kwaɗi, akwai nutsewa, akwai tsargiya. Wanda ya shigo gida ya ishe shi kallo. Idan ya taɓa shi, ya wanke hannu kafin ya kai ido ko baki, domin fatarsa na fitar da wani ruwa mai sa raɗaɗi. In kin gan shi a ɗaki, ki tura shi waje da tsintsiya a hankali, kar a watsa masa gishiri ko ruwan zafi.

'Yar uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ɗinka wa kwaɗo idanu da hannunsa, da wuya ya ɗauki dutse ya fasa na mai rai. Wanda kuma ya koyi tausayin ƙaramar halitta, ke ce farkon wadda za ta ci moriyar tausayinsa ranar da ƙarfinki ya ƙare.

Ki gwada a wannan makon, ko da murfi ɗaya ne da guntun leda. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.