Sitiyarin Tsohuwar Mota Yana Wasa? Ga Yadda Ake Gano Matsalar Kafin A Taɓa Noti

Duk wanda ya tuƙa tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ko Marsandi samfurin W123, ya san yadda abin yake. Kana kan miƙaƙƙen titi amma hannunka bai huta ba, kana ta murza sitiyari dama da hagu don motar ta tsaya a layinta. Wannan shi kanikawa ke cewa sitiyari yana wasa: ka juya shi, tayoyi ba su amsa ba sai bayan ya ɗan yi tafiya. A cikin gari abin haushi ne kawai, amma a gudun kilomita 100, idan za ka kauce wa rami ko mai babur, wannan ɗan jinkirin yana iya jawo asarar rai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a garzaya a ɗaure notin saiti na akwatin sitiyari. Sau da yawa wasan ba a can yake ba. Tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da yawa, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ake gane wadda ta ci.

Fara da awo

Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a ƙasa suna kallon gaba. Idan mai fawa sitiyari ce, a bar injin a kunne. Manna tef a bakin sitiyarin, ka riƙe rula kusa da shi, sannan ka juya a hankali har sai taya ta fara motsi. Koma ɗaya ɓangaren, ka auna tazarar.

Gwajin lafiyar mota na MOT a Birtaniya ya ba da ma'auni mai amfani ga sitiyari mai faɗin milimita 380. Mota mai rak, wato doguwar sanda mai haƙora irin ta 504, kada wasan ya wuce milimita 13, ko 48 idan akwai gaɓoɓi da yawa kafin a kai ga rak ɗin. Mota mai akwatin sitiyari, irin W123 da Volkswagen Beetle, an yarje mata har milimita 75. Ke nan ɗan wasa a Marsandi ba lallai ne ya zama cuta ba, amma irinsa a Fijo alama ce ta lalacewa.

Duba sandar sitiyarin kanta

Riƙe sitiyarin da hannu biyu, ka girgiza shi sama da ƙasa, gefe da gefe, sannan ka ja shi wajenka ka tura. Idan ya motsa, matsalar tana cikin sandar ne. Abubuwa uku ake zargi: babban notin tsakiya da ke riƙe kan sitiyari ya kwance, ko notunan da suka ɗaure bututun sandar a ƙarƙashin dashbod sun saki, ko kuma bushin da boris da sandar ke juyawa a cikinsu sun cinye. Biyun farko sifana kawai suke buƙata. Na ukun sai an sauke sandar an sa sababbi.

Kafin ka cire kan sitiyari, cire wayar batir saboda hon, kuma ka yi alama da alli don ya koma daidai inda yake. Kada ka yarda a doki kan sandar da guduma. Tun 1967 da General Motors ta fara sa sandar da ke tsukewa idan an yi karo, motoci da yawa suna da ƙananan maƙalai na roba mai tauri a ciki, kuma duka ɗaya yana iya karya su. A yi amfani da abin zaro sitiyari mai noti.

Faifan roba da gaɓar kuros

Yanzu ka samu mutum ya riƙa kaɗa sitiyarin a hankali, kai kuma ka leƙa da tocila inda sandar ta haɗu da rak ko akwati. A 504 da Beetle akwai faifan roba mai zare a ciki, wanda ke shanye girgizar hanya. Zafin inji, bakin mai da shekaru suna sa ya tsage ko ya yi laushi. Idan ka ga ɓangaren sama yana juyawa na ƙasa yana tsaye, ka kama ɓarawon. Haka ma gaɓar kuros idan motar tana da ita, da notin da ke matse haƙoran sandar.

Ana sauya waɗannan ne, ba a yi musu walda, ba a kuma yanko tsohuwar taya a maye gurbin faifan. Idan wannan gaɓa ta tsinke a kan hanya, babu sauran abin da ya haɗa hannunka da tayoyi. A sa sababbin notuna masu kulle kansu.

Sai a sauka ƙasa

Idan sandar lafiya lau take, ɗora hannu a kan kowane tayarod yayin da ake kaɗa sitiyarin. Wanda ya ci za ka ji yana ƙwas-ƙwas. Duba bol-joyin, borisin taya da notunan da suka riƙe rak ko akwati a jikin mota. A 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, robar da ke rufe bakin rak takan yage, ƙurar hunturu ta gauraya da giris ta riƙa cin haƙoran.

Notin saiti shi ne na ƙarshe

Sai an wanke duk waɗannan daga zargi ake taɓa akwati. Haƙoransa sun fi cinyewa a tsakiya, domin a nan mota ke yin yawancin tafiyarta. Idan aka matse har wasan tsakiya ya ɓace gaba ɗaya, sitiyarin zai cije idan an karya kwana, ya ƙi dawowa da kansa. Wannan ya fi wasan haɗari.

A ɗaga gaban motar da jak, a sa mata madogara, a juya sukurun kaɗan-kaɗan, bai wuce kwata na zagaye ba, ana gwada sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A lura, a W123 hagu ake juya sukurun don rage wasa, saɓanin yawancin motoci. Idan an yi saiti wasan bai tafi ba, akwatin ya gama aiki, sai gyara ko sauyi.

Bayan sauya tayarod ko rak, a kai motar alaimen. Sannan a gwada ta a hanyar da babu cunkoso: sitiyari mai lafiya yana amsawa nan take, kuma yana komawa tsakiya da kansa bayan kwana.