Shafukan Intanet da Manomin Karkarar Kano: Da Wa Ake Magana?

Mai karatu, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko Bichi da damina ya san cewa babu ko taƙi ɗaya na ƙasa da ke zaman banza. Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashinsu, gona na jingine da gona. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace shekara, suna ciyar da shi da takin gargajiya. Wannan tsimi na manomi shi nake so masu gina shafukan intanet su koya.

A yau gina shafi ba ya buƙatar dogon karatu. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, ita ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Ana maƙala mata ƙananan manhajoji irin su Elementor, wadda ta bayyana a 2016, sai mutum ya jawo hoto nan, ya dasa jerin zaɓi can, kafin la'asar shafi ya tsaya. Ci gaba ne babu shakka, domin ƙungiyar manoma a Ɓagwai ko ɗan kasuwar hatsi a Dawanau na iya mallakar shafi da kuɗi kaɗan. Sai dai Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Matsala ta farko nauyi ce. Yawancin zubin da ake ɗaukowa an tsara su ne don faffaɗan allo da intanet mai ƙarfi. Kowace manhajar ƙari tana ƙara wa shafi kaya, alhali manomin Makoɗa da ƙaramar waya zai buɗe shi, kuma kuɗin datarsa ƙidayayye ne.

Ta biyu ita ta fi damuna a matsayina na ɗalibin harshe. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930, kuma tsarin Unicode ya tanade su tun farkon shekarun 1990. Amma salon haruffa da yawa da ke zuwa da waɗannan manhajoji ba su ɗauke da su. Sai mai shafi ya ga harafin ya karkace ko ya zama ɗan akwati, ya yanke shawarar jefar da lanƙwasar. Nan take ƙasa ta koma kasa, ƙwari masu cin amfani su koma kwari, baƙi ya zama baki. A shafin da ke koyar da feshi da zuba taki, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Ta uku ita ce fassarar jerin zaɓi. Tun da Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, wasu kan kwafo abin da injin ya ba su ba tare da tacewa ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta "Gida" inda ake nufin shafin farko. Gidan wa?

Shirin rabon taki ta saƙon waya na 2012 ya nuna cewa ana iya isa ga manomi ta wayarsa. Abin da ya rage shi ne a yi masa magana da bakinsa. Shawarata ga masu gina shafi ita ce su rage manhajojin ƙari, su zaɓi salon haruffa mai ɗauke da Hausa irin su Noto, kada jerin zaɓi ya wuce biyar: farashi, iri, taki, yanayi, tuntuɓa. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta su haɗa kai su fitar da daidaitattun kalmomi. Kafin a ƙaddamar da shafi kuwa, a kai shi kasuwar ƙauye a miƙa wa dattijo wayar. In ya gano farashin gero da kansa, aiki ya yi.